Kafin ka hau motar Legas, waƙa nawa ka mallaka?

Duk wanda ya zauna da samarin da ke waƙar hip-hop a Bauchi, ko a Yelwa ne ko Gwallameji ko bakin kasuwar Wunti, ba zai yi minti goma ba sai ya ji ƙorafin nan da aka saba: garin nan ba ya ɗaga nasa, masu kuɗinmu ba sa zuba jari a waƙa, gwamnati ba ta san da mu ba, sai mutum ya tafi Abuja ko Legas ake ganin girmansa. A Gombe ma zancen ke nan, daga Jekadafari har Tudun Wada. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Manyan kamfanonin waƙa, da masu shirya manyan wasanni, da masu bayar da kwangilar talla, kusan duk a Legas suke zaune, kuma babu wanda zai ce nan da baɗi za su kwaso kayansu su dawo titin Ran.

Amma a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Ka ɗauki matashin da ya shekara uku yana waƙa, yana da waƙoƙi ashirin a wayoyin mutane, ka tambaye shi abu uku. Ina ainihin fayil ɗin waƙarka ta farko? Wa ke da takardar kiɗan da ka hau? Da imel ɗin wa aka ɗora ta a intanet? Sau da yawa amsar ita ce fayil yana kwamfutar furodusa, kiɗan daga YouTube aka sauke shi, wanda ya ɗora kuma wani ne mai shafin tallata waƙoƙi da ya ce zai taimaka. Wato shekara uku na gumi, babu waƙa ko ɗaya da zai iya dafa ƙirji ya ce tasa ce a gaban lauya. Irin wannan ko jirgi ya kai shi Legas, hannu rabbana ya isa.

A fara daga kiɗa, don nan ɓarnar take farawa. Yaro ya buɗe YouTube ya ga kiɗa an rubuta kyauta ne, ya sauke, ya rubuta baitinsa a kai. Abin da bai karanta ba shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙasa. Yawancin irin waɗannan kyauta ne idan ba kuɗi za ka nema da su ba. Ranar da ka ɗora waƙar a Spotify ko ka kunna talla a bidiyonka, ka fita daga sharaɗin. Wanda ya ɗan waye yakan biya kuɗin haya, to ita ma hayar ba mallaka ba ce: mai kiɗan yana iya bai wa mutum ɗari irin wannan izini, kuma takardar hayar takan ƙayyade yawan sauraron da aka yarje maka, wani lokaci har da shekarun da izinin zai yi. Ga inda abin ke ciwo. YouTube na da na'urar da ke gane sauti, Content ID. Idan wani can a Ghana ko Amurka ya hau kiɗa ɗaya da kai, ya riga ka yi masa rajista, da safe za ka tashi ka tarar an ɗora wa bidiyonka da'awa, kuɗin tallan yana tafiya wurinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maganin wannan yana cikin gari. Bauchi da Gombe ba su rasa masu haɗa kiɗa ba, wasu ma a majami'u suka koyi fiyano da ganga tun suna yara, hannunsu ya faɗa. Kiɗan da aka haɗa maka daga tushe a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, a gabanka, ya fi kiɗan haya daraja ko da bai kai shi ƙyalli ba, da sharaɗi guda: a rubuta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ba ta amince da miƙa haƙƙi ko bayar da izini na keɓe da fatar baki ba, sai a rubuce. "Na bar maka, ai kai ƙanena ne" ba ta tsayawa a kotu, kuma ba ta tsayawa ranar da waƙar ta fashe, abokan furodusa suka fara zuga shi.

Takardar ba ta buƙatar Turancin lauyoyi. Shafi ɗaya ya isa: sunan waƙa, ranar da aka yi ta, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa, da sunan da yake waƙa da shi, aikin da kowa ya yi, kason kowa cikin ɗari, sa hannu, da shaidu biyu. Kuma a rarrabe abu biyu da mutanenmu ke cakuɗawa. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wato kalmomi da kari, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa. A al'adar wannan sana'a akan raba na farko biyu, rabi ga mai kiɗa, rabi ga masu rubuta baiti. Na biyun yakan zauna hannun wanda ya biya kuɗin aikin, sai a yanka wa furodusa wani kaso idan an yi haka da shi. Ba dole ne ku bi wannan rabon ba. Dole ɗin shi ne a cike takardar ranar da aka gama ɗaukar murya, kowa na dariya, tun waƙar ba ta kawo ko sisi ba. Rabon abin da babu shi ba ya kawo faɗa.

Sai ɗakin ɗaukar murya. Kowa ya san siffarsa: shago ɗaya, an raba shi da katako, an manna kwalin ƙwai a bango, makirufo a lungu, janareta na ruri a bakin ƙofa, samari shida na zaune a kan benci suna jiran layi. Kwalin ƙwai ba ya hana ƙara shiga, ado ne kawai. Tsohuwar katifa a bayan mai waƙa da bargo mai kauri a gefe sun fi shi aiki nesa ba kusa ba. Janareta a ja shi nesa da doguwar waya, a kashe fanka komai zafin watan Afrilu, a sa wayoyi a shiru. Tsakanin baki da makirufo a bar kamar taki guda, da ragar tace iska a tsakani, ko da ta safa ce da aka ɗaura a zoben waya. Ma'aunin ƙarfin murya kada ya taɓa ja. A bar ƙololuwarsa wajen 10 zuwa 6 ƙasa da sifili. Muryar da ta fashe wajen ɗauka babu gwanin da zai ɗinke ta daga baya, sai dai a sake.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne abin da ka fita da shi daga ɗakin. Galibi furodusa zai tura maka MP3 ta WhatsApp, ka ji daɗi ka tafi. Waƙar minti uku a MP3 mara nauyi ba ta wuce megabait 3, alhali ainihinta a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, tana kusan megabait 30. Wancan bambancin shi ne ingancin da ka biya kuɗinsa ka bari a baya. Kamata ya yi ka zo da filashinka, ka karɓi abu shida: cikakkiyar waƙar a WAV, kiɗan shi kaɗai, muryar ita kaɗai, kwafin hawa dandamali wanda aka cire babbar murya aka bar amshi, kwafin rediyo da aka share kalmomin da ba za a iya watsawa ba, sannan kowane layin sauti daban-daban, ganga daban, fiyano daban, kowace murya daban. Na ƙarshen nan ne furodusoshi ba sa son bayarwa, shi ya sa ake yin cinikinsa tun kafin a kunna kwamfuta. Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a filashi ɗaya a Google Drive. Kwamfutocin sutudiyo a garuruwanmu suna rayuwa ne tsakanin ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, kuma ranar da ma'ajiyarsu ta ƙone, aikin mutum hamsin ne ke tafiya a dare ɗaya.

Me ya sa waɗannan fayilolin suke da daraja? Domin duk wata dama da za ta zo daga baya su za ta nema. Mai shirya fim a Kano ya ce yana son kiɗan a ƙarƙashin wata fitowa, kiɗa zalla zai tambaya. Wani babban mawaƙi ya ji waƙar ya ce zai ɗora baiti, layukan sauti zai ce a turo wa injiniyansa. Idan amsarka ita ce bari in nemo furodusa, ya koma Jos, lambarsa ba ta shiga, to an wuce wurin.

Yanzu ɗorawa a intanet, inda ake yi wa yara yankan baya ba tare da an zare wuƙa ba. Audiomack kowa na iya buɗe shafi ya ɗora da kansa kyauta, kuma a nan da Boomplay, wanda ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, yawancin masu sauraronmu suke. Spotify da Apple Music kuwa sai ta hannun kamfanin rarrabawa, wato mai kai musu waƙa a madadinka, irin su DistroKid da CD Baby. DistroKid kuɗin shekara ake biya, idan ka daina biya waƙoƙinka na iya sauka. CD Baby sau ɗaya ake biya a kan kowace fitarwa, sai su riƙa cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya shigo. Kowanne da dala ake biyansa, katin naira kuma ya sha ba mutane kunya a irin wannan ciniki. A nan ne wani ke shigowa ya ce kawo in ɗora maka a asusuna. Daga ranar shi ne mai ganin alƙaluma, shi ne mai cire kuɗi, shi ne kuma mai ikon sauke waƙar ranar da kuka saɓa. Wataƙila mutumin kirki ne. Amma sana'a ba ta tsayuwa a kan wataƙila. Ko da kuɗin wani za a biya, asusun ya kasance da imel ɗinka, da lambar wayarka, da kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani.

Kowace waƙa da aka rarraba tana samun lamba mai harafi da alƙalami 12 da ake kira ISRC. Ka rubuta ta a littafi. Ita ce shaidar haihuwar waƙar. Idan wata rana ka canza kamfanin rarrabawa, ka ɗora sauti ɗaya da lamba ɗaya, ƙidayar sauraron da ka tara takan biyo ka. Idan ka rasa ta, daga sifili za ka fara. Hoton bangon waƙar a yi shi murabba'i, fiksel 3000 a tsaye 3000 a kwance. A miƙa waƙa mako uku ko huɗu kafin ranar fita, don Spotify na son a gabatar wa editocinsa waƙa aƙalla kwana 7 kafin ta fito. Mu kuwa sai a gama haɗa waƙa da la'asar a ce a daren nan za ta fita, don an riga an yi wa masoya alkawari a TikTok.

Kada kuma a ruɗi kowa da kuɗin sauraro. Tun 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba. Abin da ake biya a kan kowane sauraro ya danganta da ƙasar mai sauraren, kuma kuɗin wata na mai biya a Najeriya bai kai dala 2 ba, na Amurka ya haura dala 10. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Bayan nan ma akwai takardar harajin Amurka da za ka cike, wadda idan ka ƙyale ta ana iya cire har kashi 24 cikin ɗari na duk abin da ka samu, akwai lambar tabbatarwa da ake aikowa ta gidan waya zuwa adireshinka (a unguwar da kwatancen gida shi ne "bayan masallaci, kusa da mai shayi", wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mutum wata da watanni), kuma ba a sakin kuɗi sai sun kai dala 100. Masu sayar da sauraron bogi kuwa a guje su. Manhajojin sauraron na gane su, ana cin kamfanin rarrabawa tara, shi kuma ya sauke waƙarka ko ya rufe asusunka.

Wani zai ce, to idan kuɗin kaɗan ne, wahalar takardu ta mece ce? Ta cewa waƙa ba ta ruɓewa. Haƙƙin ƙirƙira a dokar Najeriya yana nan tsawon ran mai shi da shekara 70 bayansa, na sautin da aka naɗa shekara 50. Waƙa ɗaya da ke kawo ɗan abin sayen kati ba komai ba ce. Waƙa arba'in da ke hannun mutum ɗaya, suna ɗiga kowane wata, gona ce. Kuma ita ce kaɗai abin da za ka iya ɗorawa a teburin ciniki ranar da kamfani ya neme ka.

Kuɗin cefane na yau kuwa a dandamali yake, da biki, da tallan shaguna a rediyo, da makon ɗalibai a jami'ar ATBU da kwalejojin kimiyya da fasaha da Jami'ar Jihar Gombe. Wannan kasuwa tana da kalandarta. Azumi ya kama, an rufe wata guda. Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah su ne kaka. Disamba kuma ta kudancin jihohin biyu ce, su Tafawa Ɓalewa, Bogoro, Dass, Billiri da Kaltungo, lokacin da 'yan gari ke dawowa gida da ɗan abin hannunsu. Mai hankali yana fitar da sabuwar waƙa mako shida kafin waɗannan lokutan, ya kai wa masu tura waƙoƙi a kasuwa da DJ-DJ da kansa, don kafin ranar wasa ta riga ta zauna a bakin yara. Masu turin nan ba sa biyan mawaƙi ko kwabo, gaskiya ne, amma a ƙauyen da data ke da tsada su ne rediyonka. Kafin ka hau dandamali ka karɓi rabin kuɗinka, sauran kafin a miƙa maka makirufo. Kuma don Allah a daina hawa a kan cikakkiyar waƙa ana ihu a saman muryar da aka riga aka naɗa. Baiti mai layi 16 a kiɗa mai bugu 90 a minti bai wuce daƙiƙa 43 ba. Wanda ba zai iya sarrafa numfashinsa na daƙiƙa 43 ba, atisaye ya rage masa, ba mai ɗaukar nauyi ba.

Waƙar siyasa ba zan ce haramun ba ce, ita ce ma mafi tsoka a arewa, kowa ya ga inda ta kai Dauda Kahutu Rarara. Sai dai shi wannan layin ya zaɓa gaba ɗaya. Mai hip-hop da ya shiga don kuɗin kaka ɗaya ya sani cewa rabin masoyansa na ɗaya jam'iyyar ne, kuma waƙar tana mutuwa ranar da aka faɗi sakamako. Idan za a yi, a karɓi kuɗin duka a gaba, don bashin ɗan takarar da ya faɗi sai a lahira.

Mu dawo kan Legas. Masu cewa a tafi suna kafa hujja da waɗanda suka fita suka yi suna. ClassiQ da B.O.C Madaki 'yan jihar Bauchi ne, na farko ya yi waƙa da M.I, na biyu ya yi aiki da Odumodublvck, dukansu fitattun masu rap na Najeriya. Jos, da ba ta kai tafiyar awa uku daga Bauchi ba, ta fitar da M.I da Jesse Jagz da Ice Prince. To amma a duba abin da 'yan Bauchin nan biyu suka fita da shi: Hausa. Legas ba ta rasa masu rap da Turanci ko da Yarbanci ba, tana da su har sun yi mata yawa. Abin da ba ta da shi shi ne bakin da ya tashi da zambo da habaici da kirari, a ƙasar da 'yan gambara suka riga kowa jera magana a kan kiɗa, a garin Sa'adu Zungur, wanda ya rasu tun 1958 amma har yau ana karanta baitocinsa a makarantu. Kuma wannan jari ne mai wuyar sarrafawa. Kusan kowace kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, don haka amsa-amon ƙarshen layi abu ne mai arha, yaro ma zai yi. Gwaninta tana cikin daidaita gaɓa biyu ko uku, da kiyaye tsawon wasali da karin sauti. Ka ja wasalin farko na kalmar "gari" don ya cika maka bugu, ka tashi daga birni ka koma abin tuwo. Bausanci ma, da ake yi wa dariya a Kano, da Fulatanci da Zaar da Tangale da ake barbaɗawa a baiti, su ne gishirin da wani ba zai iya kwaikwaya ba. Wannan a gida ake ƙware shi, a gaban mutanen da za su gane idan ka yi kuskure.

Tafiya tana da lokacinta, kuma alamarta a fili take: ranar da ka cika zaure a Bauchi da mutanen da suka sayi tikiti da kuɗinsu, ka sake cikawa a Gombe da Azare, sannan alƙaluman shafinka suka nuna ana jin ka a Kano da Kaduna da Yamai. Mai wannan idan ya isa Legas ciniki zai yi. Wanda ba shi da shi roƙo zai yi, kuma takardar da ake miƙa wa mai roƙo daban take. A cikinta ake samun shekara biyar da kamfani kaɗai ke da ikon sabuntawa, da kaso a kan komai har kuɗin biki, da mallakar duk sautin da ka naɗa har abada, wani lokaci har da sunanka. Kowa ya tuna rikicin Kiss Daniel da kamfaninsa na farko a 2017, wanda bayansa ya koma Kizz Daniel. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ba ta kare sunan waƙa, wannan aikin ofishin rajistar tambarin kasuwanci ne da ke Abuja. Abu huɗu za ka sa lauya ya nemo maka a kowace yarjejeniya: shekara nawa, waƙa nawa, wane kuɗi za a cire kafin a fara ba ka, kuma yaushe waƙoƙin za su dawo hannunka. Lauyan kuma naka, ba wanda kamfani ya kawo ba.

Gwamnatocin jihohin biyu, idan da gaske suna son taimakawa, gasar zaƙulo masu basira da ake raba kyauta a ɗauki hoto ba ta gina kowa. Zaure mai wuta da lasifika masu kyau da za a riƙa bayarwa haya da rahusa ya fi ta amfani, haka ma zama ɗaya a wata da lauyoyi za su duba wa matasa takardu kyauta, abin da reshen ƙungiyar lauyoyi na jiha zai iya shiryawa ba tare da jiran kasafi ba. Gidajen rediyo kuma, na gwamnati da masu zaman kansu, su riƙa rubuta waƙoƙin da suka sa suna biyan haƙƙi ta ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa, MCSN, wadda su ma mawaƙan sai sun yi rajista da ita kafin a san da su.

Waƙoƙin da suka riga suka fita ba tare da takarda ba, ba duka suka ɓace ba. A jera su a littafi, a ware waɗanda aka yi a kan kiɗan YouTube, waɗannan sai dai a sayi izini ko a sake musu sabon kiɗa. Sauran a bi furodusoshinsu ɗaya bayan ɗaya, da filashi da takardar rabo da ɗan abin goro, tun ana gaisawa. Wanda ya ɗora maka a asusunsa a nemi lambobin ISRC a wurinsa cikin lalama, a buɗe sabon asusu, a ɗora da lambobin, a jira su bayyana, sannan a ce ya sauke nasa. Idan aka sauke tsohon kafin sabon ya hau, ƙidayar na iya ɓacewa.